Ranar Da Na Sa Ɗan Fansho Gudu

Masu karatu, yau ku yi mini afuwa, babu doguwar gaisuwa. Raina a ɓace yake, kuma har yanzu ban tantance wanda na fi jin haushi ba: Yayana, ko Abba, ko 'yan kallon ƙwallon garin nan masu idanu kamar na ado, ko kuwa ni kaina. Ku gyara zama ku ji, sai ku yanke hukunci, ni dai na gaji da yanke wa kaina.

Ga wanda bai san ni ba, a shagon tabarau nake aiki. Ni ba likita ba ce, ni ce dai mai gwada wa mutane firam a fuska, in ɗaure ɗan noti, in goge gilashi in sa a gidansa. A can na haɗu da shi. Ya kawo mahaifiyarsa ne, yana sanye da jallabiya ruwan toka da silifas na roba. Baiwar Allahn nan sai da ta gwada firam goma sha huɗu, na ƙirga, shi kuwa yana zaune da jakarta a cinyarsa, ko sau ɗaya bai duba agogo ba. Da ta zaɓi wani mai ruwan zinare, har na fara murna an gama, sai na ji ya ce, "Mama, wannan ya matse ki. Likita, dubi bayan kunnenta, ya yi ja." Na duba, wallahi ya yi ja. Ni da nake tsaye a kanta ban gani ba, shi daga kan kujera ya hango. Tun ranar sunana ya koma Likita a bakinsa.

Sai daga baya na san ɗan ƙwallo ne, ɗan wasan tsakiya, mai lamba shida a ƙungiyar garinmu. Shekara goma sha ɗaya yana wasa a matsayin sana'a, ƙungiya uku ya zauna, ƙwallo huɗu kacal ya taɓa ci. Eh, huɗu, ku yi dariyarku, Yaya ma ya yi. Ba a taɓa sa hotonsa a allon talla ba, masu sharhi a rediyo sai su yi minti casa'in suna zuba ba su ambace shi ba. 'Yan kallo kuwa suna suka raɗa masa, wai Ɗan Fansho, saboda ba ya gudu a fili. Tafiya yake yi abinsa, yana waige-waige, ya nuna wa wannan wuri da yatsa, ya karɓi ƙwallo ya miƙa ta kafin ka ƙifta ido, ya ci gaba da tafiyarsa.

Abin da ba su faɗa shi ne, koci biyar aka yi a zamansa a nan kafin na yanzu, kuma kowanne in ya zo, abin da yake fara yi shi ne ya zaunar da shi a benci. Sai a sha kashi sau uku, sau huɗu, sai a dawo da shi a ɓoye kamar an yi abin kunya. Nasara ta dawo, a ɗauki ɗan wasan gaba mai rina gashi a kafaɗa ana yi masa kirari. Shi kuwa ko a jikinsa, ya rataya jakarsa ya tafi gida.

Na taɓa tambayarsa a shago, "Wai kai don Allah me ya hana ka gudu?"

Ya jawo gidajen tabarau uku ya jera a kan kanta. "Waɗannan biyun 'yan bayanmu ne. Wannan ni ne a gabansu. Kowa yana kallon inda ƙwallo take, ni ina kallon inda za ta biyo in aka ƙwace mana ita. Likita, mai gadi ba ya bin ɓarawo ya bar ƙofa a buɗe."

Na gane. Na rantse muku na gane, domin tun daga ranar na daina kallon ƙwallo na koma kallonsa, na ga yadda 'yan wasan hamayya suke taho da gudu su tarar da shi tsaye daidai inda suke son bi. Wannan ganewar ce ta sa laifina ya fi na kowa girma.

Ranar Laraba da yamma maganar aurenmu ta isa falon Abba. Umma ce ta kai ta, ni ina rakuɓe a bakin kujera da ɗankwalina ina murza gefen zanena. Abba yana kan tabarmarsa ya jingina da bango, Yaya yana kan doguwar kujera yana latsa waya. Umma tana faɗin sana'arsa da lambar rigarsa, sai Yaya ya ɗago.

"Wa? Ɗan Fansho?" Ya tuntsire da dariya har wayar ta faɗo masa a ƙirji. "Ke yanzu duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kwaso sai wannan? Abba, mutumin nan fa a fili kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. 'Yan'uwansa suna mutuwa, shi yana yawon shan iska. Ya fito daga wasa rigarsa ko ƙura babu, sai dai a ninke a mayar kabad."

Na ce, "Yaya, ba ka san aikinsa ba ne."

"Ni ban san ƙwallo ba? Ni?"

Umma ta harare ni. Mutumin da ko tseren buhu bai taɓa ci ba a makaranta, shi ne mai auna gudun wani.

Abba mai walda ne, shekara talatin da biyar yana sana'ar. Bayan hannayensa duk tabon tartsatsi ne. A wurinsa namiji da gumi aka san shi, kuma duk yaron shagon da ya gani tsaye hannu a ƙugu, ranar ya bar aiki. Ya gyara murya.

"Ni ban san ƙwallo ba. Amma in na ga ma'aikaci ina gane shi. Yaushe suke wasa?"

Yaya ya ce, "Asabar, Abba. A gida ma."

"To zan je in gani da idona. In mai neman na kansa ne, ya turo manyansa. In kuwa abin da yayanki ya faɗa na gani, kada in sake jin maganar nan a gidana. Wanda ya bar abokan aikinsa da wahala, matarsa ma zai bari."

Maganar Abba kamar waldarsa take, in ta kama ta kama. Na tashi na shige ɗaki, na jawo wayata daga caji.

Na rubuta: Abba zai zo wasanku ranar Asabar.

Ya amsa: Masha Allah. Bari in samo muku kujeru a ɓangaren inuwa, rana tana dukan ɗaya gefen.

Kun ji fa! Ana maganar rayuwata, shi yana maganar inuwa.

Ni: Ka fahimce ni kuwa? Gwaji ne. In bai ga kana wahala ba, shi ke nan an rufe maganarmu.

Shi: Na fahimta, Likita.

Ni: To don Allah ka yi gudu. Ranar kawai. Ka bi ƙwallo, ka faɗi, ka tashi, ya ga gumi.

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

Shi: Kin san masu jan teburi za mu kara da su. Koci ya ce in tsaya a gaban 'yan baya kada in gusa ko taku goma. Ya ce daga wasan nan zai yanke maganar sabon kwantiragina.

Na sani. Kada wani ya ce ban sani ba. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa wannan sabon kocin shi ne na farko a shekara goma sha ɗaya da ya kira shi gefe ya ce, "Na san abin da kake yi a wurin nan." Ranar da ya ba ni labarin, murmushin da ya yi ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba. Shekararsa talatin da ɗaya, kwantiraginsa saura wata biyu. Duk na san wannan, amma ga abin da yatsuna suka rubuta:

To Kocin ne zai ba ka aure?

Ban tsaya nan ba. Na danna na aika masa saƙon murya na minti huɗu, rabi magana rabi kuka. Na ce shi komai sanyi-sanyi, ko ni ma in aka raba mu haka zai rataya jakarsa ya tafi gida. Na ce in yana so na, sau ɗaya a rayuwarsa ya nuna wa duniya yana da jini a jika. Ya saurara, na ga alamar ya saurara. Sai washegari ina buɗe shago saƙonsa ya shigo, kalma ɗaya tak: To.

Ranar Asabar na sa baƙar abayata mai duwatsu a hannu, da mayafi ruwan ƙasa, da takalmi mara tudu saboda matakala. Abba ya fito cikin farin yadinsa na zuwa ɗaurin aure, ya sha guga, har da turare. Bai taɓa shiga filin wasa ba. Ya zauna tsakanina da Yaya, ya ɗora hannayensa a gwiwa kamar mai jiran a kira shi shaida.

Aka busa. Minti goman farko mutumin nawa ya yi wasansa da ya saba. Sau biyu baƙin nan suka taho a guje ta tsakiya, sau biyu suka tarar da shi, ya zare ƙwallon a hankali ya miƙa gefe. Ko mutum ɗaya bai tafa ba.

Abba ya ce, "Wanne ne?"

Yaya ya nuna. "Ga shi can, mai lamba shida. Wanda yake tafiya kamar an aike shi sayen burodi."

Sai wani ƙato a bayanmu ya kware baki, "Ɗan Fansho! A kawo maka kujera da jarida?" Wurin ya ɗauki dariya. Na saci kallon Abba, na ga ya taune leɓe, irin taunewar da yake yi kafin ya sallami ma'aikaci. Daidai lokacin ƙwallo ta fita, nawa ya juyo ya dubi ɓangarenmu. Shi ya samo kujerun, ya san inda muke. Ban ɗaga masa hannu ba, ban yi komai ba, kallonsa kawai na yi. Ya sunkuya ya ƙara ɗaure igiyar takalminsa.

Jama'a, ashe mutumin nan yana da gudu!

Ya bi ɗan wasansu tun daga tsakiya har kusurwar fili, ya zube ƙasa ya share shi da ƙwallon gaba ɗaya. Fili ya ɗauki ihu. Ya tashi gefen wandonsa duk ciyawa, ya sake bin wani. Ya kutsa har cikin da'irar gidansu yana neman a ba shi. Ya ɗaɗa wata daga nesa ta wuce saman raga da kusan tsayin mutum, amma sai ka ce ci ya yi, yadda mutane suka miƙe. Alƙalin wasa ya ɗaga masa katin gargaɗi, aka tafa wa katin ma. Ƙaton bayanmu yana ta dukan kujera, "Yau an biya fansho! Yau an biya!"

Abba ya gyara hularsa ya ce, "A'a. Yaron nan ai da zuciyarsa."

Ni kuwa idona yana kan Koci. Ya fito har bakin layi yana ɗaga hannu biyu, yana nuna masa wurin da ya bari, yana kiran sunansa har muryarsa ta dushe. Na dubi wurin. Fili ne fetal a gaban 'yan bayanmu biyu, ko mota za ta juya a ciki.

Minti na ashirin da shida aka ƙwace ƙwallo a gidansu, nawa yana can gaba. Fasin ɗaya, fasin biyu, ta nan tsakiyar suka biyo su uku a kan mutum biyu. Raga. Kafin hutun rabin lokaci suka sake, ta hanya ɗaya, kamar an kwafa. Kuma ku ji abin takaici: duk filin nan babu wanda ya ga dalili. Gola suke zagi, 'yan baya suke zagi. Yaya har da cewa, "Ka ga, shi kaɗai yake wasa, sauran duk matattu ne."

Da aka tafi hutu na ciro waya na rubuta masa: Ya isa haka, don girman Allah ka koma wurinka. Na aika sau uku. Sai daga baya na tuna wayoyinsu suna kulle a akwatunan ɗakin sauya kaya har a tashi.

Aka dawo. Ban san abin da Koci ya gaya masa a ciki ba, na dai ga ya tsaya a wurinsa na 'yan mintuna, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ga shi ya jiƙe sharkaf. Sai 'yan kallo suka fara rera sunansa suna tafi, su dai a ba su irin na ɗazu. Ya sake duban ɓangarenmu. Abba yana tsaye a lokacin, Abban da ko a ɗaurin aure ba ya tashi sai an shafa. Nawa ya sake fita farauta. Ta uku ta shiga a minti na hamsin da takwas, kuma wannan karon ya juyo ya biyo su da gudu, amma ƙafafun sun riga sun ƙare.

Aka ɗaga allo, lamba shida. Yana fitowa fili gaba ɗaya ya miƙe ana tafa masa. Duk shekarun da ya yi yana rufa musu asiri ba su taɓa tafa masa ba, sai yau da ya buɗe gida aka yi musu uku. Har robobin ruwa suka riƙa jifan Koci da su, wai ya cire mutum ɗaya tilo mai kishi. Wallahi da ina da iko, da ɗaya bayan ɗaya zan jera su a shagonmu in auna idanunsu. Nawa ya miƙa wa Koci hannu, Koci ya juya masa baya. Ya je ƙarshen benci ya zauna, ya lulluɓe kansa da tawul, bai sake ɗagowa ba har aka tashi.

A mota Yaya yana tuƙi yana zuba. "Ashe yana iyawa! Dama raini ne kawai. Ke, na janye maganata, mutumin naki ɗan wasa ne."

Na ce, "Yaya, ƙwallo ukun nan ta ina suka biyo?"

"Ta hannun golan banzan nan mana."

"Ta tsakiya suka biyo! Ta wurin da yake tsayawa kullum kuna zaginsa!"

Abba ya juyo daga gaba. "Ke, yayanki kike ɗaga wa murya? Faɗuwa ai ta kowa ce. Ni abin da na je gani na gani."

Me zan ce? In ce Abba, abin da ka gani ni na shirya maka shi?

Muna isa gida, ko takalmi Abba bai gama cirewa ba ya ƙwala wa Umma kira. Ta fito daga kicin tana goge hannu a zane.

"Yaron nan namiji ne," in ji shi. "Na ga gumi, na ga zuciya. Ana cin su amma bai tsaya ba. Ya turo manyansa."

Umma ta rungume ni tana hamdala, ƙamshin albasa duk a mayafina. Abin da na yi wata bakwai ina roƙo a kowace sujada, ga shi an ba ni a tsakar gida.

Abba ya ƙara da cewa, "Kuma ki gaya masa abin ya shiga raina. Duk wasan da za su yi a gida, da ni. Irin na yau nake son in riƙa gani."

Na zame na shiga ɗaki na turo ƙofa. Saƙonsa yana jirana, an aiko shi minti shida da suka wuce.

Shi: Koci ya kira ni ofis. Ya ce in fara neman wata ƙungiya. Ya ce shekara biyu yana kallona daga nesa yana fatan ya samu irina, yau kuma bai san wanda ya saka a fili ba.

Na zauna a bakin gado, abayar ma ban cire ba. Na rubuta ka yafe mini, na goge. Na rubuta laifina ne, na goge. Daga ƙarshe abin da na iya aikawa shi ne: Abba ya amince. Ya ce ka turo.

Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Na ƙura wa wayar ido har ta dushe na sake taɓa ta.

Shi: Alhamdu lillahi. Amma Likita, ina da tambaya, kuma ba faɗa nake yi ba. Mutumin da Abba ya gani yau, ni ma ban san shi ba, kuma ba zan iya sake zama shi ba. To shi aka ba ke, ko ni?

Ban kai ga numfasawa ba na ji muryar Abba daga falo, cike da fara'ar da na daɗe ban ji ba.

"Kin gaya masa? Me ya ce? Yaushe za su zo?"